DALLA-DALLA: Abin da ke sa laftof ɗaukar zafi, da yadda ake zaɓen man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar hotonta

Alamomin ba sa ɓuya. Da farko fanka za ta fara kuka kamar injin niƙa, daga nan saman madannai ya yi zafin da tafin hannu ba ya jurewa, sai bidiyon da ake tacewa ya fara tsalle, hoto ya daskare na wasu daƙiƙu. Idan aka ci gaba da matsa mata, kwamfutar ta mutu ɗif, aikin da ba a adana ba kuma ya bi ruwa.

Ga matashin da ke tace bidiyo, ko zanen gine-gine, ko koyon rubuta manhaja, laftof ita ce shago kuma ita ce jari. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin 2023, farashin kayan lantarkin da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira 70,000 ne tun Yulin 2024, alhali laftof mai ƙwaƙwalwar hoto ta musamman, ko da ta hannu ce, ta ninka wannan kuɗi sau da yawa. A 2023 ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku sana'o'in fasahar zamani, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i da ake yi ba tare da kwamfuta ba. Wanda tasa ta ƙone a yau, zai iya shafe shekara bai haɗa kuɗin wata ba.

Idan aka kai irin wannan kwamfuta wurin masu gyara, a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, abin da aka fi ji shi ne a canja mata mai. Ana nufin wani kakkauran mai, mai launin toka, da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfen da ke kwashe mata zafi. Wani lokaci shi ne maganin. Amma man mataki ɗaya ne kawai a doguwar hanyar da zafi ke bi kafin ya fita, kuma shi ne ya kamata a taɓa a ƙarshe, bayan an duba sauran. Idan lokacin canja shi ya yi, wanda ya fi dacewa da laftof shi ne mai daɗewa a wurinsa, ko da lambar da ke jikin kwalinsa ba ta kai ta wasu girma ba.

Inda zafin ke fitowa

Laftof ɗin da aka ƙera don aiki mai nauyi tana da ƙwaƙwalwa biyu. Ɗaya ita ce CPU, wadda ke tafiyar da lissafi da umarni gaba ɗaya. Ɗayar ita ce GPU, ƙwaƙwalwar hoto, wadda ke zana duk abin da ido ke gani a wasannin kwamfuta, da tace bidiyo, da zane mai siffa uku, a 'yan shekarun nan kuma har da ayyukan ƙirƙirarriyar basira. Kamfanonin Nvidia da AMD da Intel ne ke ƙera kusan dukkansu.

Kowace ƙwaƙwalwa guntun silikon ne mai ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ke buɗewa da rufewa sau biliyan ɗaya zuwa biyu ko fiye a daƙiƙa guda. Kusan duk wutar da suka sha, zafi take komawa. GPU ta laftof tana shan daga wat 35 a ƙanana zuwa wat 175 a manya. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yana kunne ya san irin zafin da ake magana a kai. Bambancin shi ne a nan duk zafin yana fitowa ne daga wurin da bai fi faɗin farcen babban yatsa da yawa ba, a cikin akwatin da kaurinsa bai wuce santimita biyu zuwa uku ba.

Akwai wani abu da ya sa matsalar ta fi tsanani a laftof. A kwamfutar tebur, katin hoto abu ne da ake zarewa a sa wani. A kusan dukkan laftof na yanzu kuwa, an liƙe GPU da dalma a jikin babban faifan kwamfutar, wanda masu gyara ke kira bod. Idan ta mutu, sai dai a canja faifan gaba ɗaya, kuma kuɗinsa kan kusanci na wata laftof ta hannu.

Hanyar da zafi ke bi

Zafi yana barin silikon ya ratsa siririn shimfiɗar mai, ya shiga wani farantin jan ƙarfe da aka ɗaure a kansa da noti. Daga farantin sai ya shiga wasu bututu na jan ƙarfe da aka baje. Bututun nan ba daskararren ƙarfe ba ne. A cikinsu akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki, an toshe bakunansu. Saboda ƙarancin matsin iska, ruwan yana tafasa tun kafin zafi ya kai digiri 100, ya zama tururi, ya ruga zuwa ɗaya ƙarshen da ya fi sanyi. A can yake komawa ruwa, ya tsotsu ta wani laushin da ke bangon bututun kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya dawo inda ya fito. Haka yake ta kai-komo muddin kwamfutar na kunne.

A ƙarshen bututun akwai jerin siraran faranta na ƙarfe, kamar lagireton mota. Fanka na jawo iska ta ƙasan kwamfutar, ta hura ta tsakanin farantan, iskar ta ɗauki zafin ta fice ta baya ko ta gefe.

Matakai biyar ke nan: mai, faranti, bututu, lagireto, sai iskar ɗaki. Duk wanda ya toshe a cikinsu, sakamakon ɗaya ne, kuma sabon mai ba ya gyara sauran huɗun. A laftof da yawa CPU da GPU suna tarayya a bututu ɗaya, don haka zafin ɗaya yana shafar ɗayar.

Na'urar ƙasar sanyi a ƙasar rana

Mataki na ƙarshe, wato iskar ɗaki, shi ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi shafar masu amfani da kwamfuta a yankin Sahel. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar da ta samu ita take hurawa, don haka duk digiri ɗaya da ya ƙaru a ɗaki, kusan digiri ɗaya ne ya ƙaru a kan GPU.

Kamfanin Apple ya rubuta a bayanan kwamfutocinsa cewa a yi amfani da su a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawancin sauran kamfanoni su ma a 35 suke tsayawa. A Sakkwato da Maiduguri da Yola da Yamai, zafin rana a watannin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40. A farkon Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Ɗalibin da ke aiki da tsakar rana a ɗakin kwano, ba wuta, ba fanka, yana tuƙa na'urarsa ne a wajen iyakar da aka ƙera ta a kai. GPU ɗin da za ta tsaya a digiri 75 a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, za ta iya kaiwa 90 a irin wannan ɗaki ba tare da komai ya lalace a cikinta ba.

Sai kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu na kwaso lallausar ƙura daga Sahara, fankar laftof kuma tana shaƙar ta dare da rana. Ƙurar na haɗuwa da zaren tufafi da gashi ta zama kamar bargo a bakin lagireto ta ciki, inda ido ba ya gani. Fanka na juyawa da ƙarfi, ƙara na tashi, amma iska ba ta wucewa. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu sai ta shiga bazara a toshe. A wannan yanki, wannan tana cikin manyan abubuwan da ke jawo zafi, kuma gyaranta na da arha.

Ɓarnar da zafi ke yi

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta zamani tana kare kanta. Idan zafi ya yi yawa sai ta rage gudu da shan wuta. A yawancin laftof masu GPU na Nvidia, iyakar tana wajen digiri 87. CPU na Intel kuwa galibi sai sun kai 100. Idan ragewar ba ta wadatar ba, kwamfutar ta kashe kanta. Saboda haka da wuya GPU ta ƙone a rana ɗaya. Abin da mai ita ke fara asara shi ne ƙarfin da ya biya kuɗi ya saya.

Ɓarnar gaske a hankali take zuwa. Silikon da dalma da faifan da suke kai ba sa kumbura daidai da juna idan sun yi zafi. Kullum aka kunna aka kashe, ƙananan ƙwallayen dalmar da ke riƙe da GPU suna miƙewa suna tsukewa, har wata rana ɗaya ta tsage. Tarihi ya nuna girman wannan matsala. A Yulin 2008, Nvidia ya sanar da ware dala miliyan 150 zuwa 200 don biyan kuɗin gyaran laftof da ƙwaƙwalwar hotonsu ke mutuwa saboda raunin kayan da aka haɗa su da su, lamarin da ya shafi kwamfutocin HP da Dell da Apple ya kuma kai ga shari'a a Amurka. A Fabrairun 2015 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta ga wasu MacBook Pro, ciki har da ƙirar 2011, waɗanda hotonsu ke wargajewa.

Zafin bai tsaya kan GPU ba. Batirin litiyam yana tsufa da wuri a cikin zafi, har ya kumbura ya ɗaga madannai. Batirin da ya kumbura haɗari ne na gobara, kuma cire shi ya fi gaggawa a kan kowane canjin mai.

A auna kafin a buɗe

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Laftof na iya yin zafi a waje domin tana fitar da zafinta yadda ya kamata. Akwai manhajoji na kyauta, irin su HWiNFO da GPU-Z, da ke nuna zafin kowace ƙwaƙwalwa, da gudun fanka, da wat ɗin da ake sha, da kuma ko ana rage gudu saboda zafi. Abin da ya dace shi ne a kunna aikin da ya saba jawo matsalar na minti 15 zuwa 20, a rubuta lambobin, a kuma lura da zafin ɗakin a lokacin.

Lambobin na ba da labari. Idan zafi yana hawa a hankali, fanka na ihu, amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, ƙura ce ta toshe lagireto. Idan zafi ya yi tsalle daga 50 zuwa kusan 90 cikin 'yan daƙiƙu, iskar da ke fita kuma tana da ƙarfi amma ba ta da ɗumi sosai, to zafin ba ya isa bututu. A nan ne ake zargin mai ko zaman faranti. GPU da yawa suna nuna lamba biyu, matsakaicin zafi da zafin wuri mafi ƙuna. Tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakaninsu ba abin damuwa ba ce, amma idan ta haura 25, alama ce cewa wani sashe na silikon ya rasa mai. Idan kuwa kwamfuta na jan ƙafa alhali zafinta bai wuce 70 ba, sai a duba caja, domin cajar da ba ta kai wat ɗin da kwamfutar ke buƙata ba tana sa ta rage gudu kamar yadda zafi ke yi.

Abin da za a yi ba tare da sukudireba ba

Katifa da filo da cinya suna toshe ƙofofin shan iska. Ɗora kwamfuta a kan tebur da ɗaga bayanta da santimita biyu ko uku, ko da murfin kwalba ne, yana rage zafi nan take. Faifan sanyaya mai fanka da ake sayarwa yana taimakawa da 'yan digirori, amma sai idan ƙofofin iskar kwamfutar a ƙasa suke.

Rage wuta ya fi duk waɗannan tasiri. Kashi na ƙarshe na gudun GPU shi ne mafi tsadar wuta, don haka idan aka rage gudun da kaɗan, zafi na sauka da yawa. Ana yin haka ta zaɓar yanayin daidaito ko na shiru a manhajar kamfanin kwamfutar, ko ta ƙayyade hotunan wasa zuwa 60 a daƙiƙa maimakon barin su suna gudu babu linzami. Masu ƙwarewa na amfani da MSI Afterburner su rage ƙarfin wutar da GPU ke ja a kowane matakin gudu. A ɓangaren CPU na Intel kuwa, kamfanoni da yawa sun kulle wannan dama bayan gano wata kafar tsaro da aka sa wa suna Plundervolt a 2019, amma kashe ƙarin gudun wucin-gadi na CPU daga saitin wuta na Windows yana saukar da zafin bututun da suke tarayya.

Wanda ke da zaɓi kuma, ya bar aiki mai nauyi, kamar fitar da dogon bidiyo, zuwa dare ko asuba. Bambancin zafin tsakar rana da na asuba a bazara ya fi duk abin da mai mafi tsada zai iya bayarwa.

Bayan waɗannan sai shara. Ana cire murfin ƙasa, a zare igiyar batir, a kwance fanka, a cire bargon ƙurar da burushi mai laushi. Idan za a hura iska, a riƙe fukafukan fanka da yatsa kada ta yi ta juyi fiye da kima ta lalata kanta. A wurin da hunturu ke da ƙarfi, yin haka sau ɗaya a ƙarshen Fabrairu, kafin bazara ta kankama, rigakafi ne da ya fi magani.

Ainihin aikin man

Fuskar silikon da ta farantin jan ƙarfe suna da santsi a ido, amma a ƙarƙashin madubin likita cike suke da kwari da tudu. Idan aka haɗa su a bushe, iska ce ke cike ramukan, iska kuwa tana daga cikin mafi munin abubuwan da ke isar da zafi. Ana auna wannan baiwa da wani ma'auni da ake rubutawa W/mK. Iska tana da kusan 0.026. Jan ƙarfe yana da kusan 400. Man da ake sayarwa yana tsakiya, galibi ƙasa da 10.

Lambobin nan uku sun isa su warware rikicin da ake yi kan yawan man da za a shafa. Man ya fi iska sau ɗari da ɗoriya, amma jan ƙarfe ya fi shi sau goma-goma. Aikinsa kawai ya kori iska daga ramuka. Mafi siririn shimfiɗar da ta rufe ko'ina ita ce mafi kyau.

Yawancin irin wannan mai haɗi ne na man silikon da garin wasu ma'adanai, kamar tutiya ko alminiyom da aka sarrafa, wani lokaci har da garin lu'ulu'u. Yana lalacewa ta hanya biyu. Ko dai ruwan cikinsa ya ƙafe ya bar busasshen ɓawo mai tsagewa, ko kuma ya tsere daga wurinsa. Ta biyun ce babbar matsalar laftof. A kwamfutar tebur, CPU na da murfin ƙarfe kuma ana matse ta da ƙarfi. A laftof silikon tsirara yake, matsin farantin kuma kaɗan ne don kada ya fasa shi. Duk lokacin da aka yi zafi aka huce, fuskokin biyu suna ɗan lanƙwashewa suna miƙewa, suna tura man zuwa gefe kamar famfo. Shi ya sa ake samun wanda ya canja mai ya ga zafi ya sauka da digiri 10, bayan wata biyu ko uku kuma ya dawo gidan jiya.

Wane za a zaɓa

Abu na farko shi ne kada lambar kwali ta ruɗi mai saye. Babu wata hukuma da ke tilasta wa kamfanoni auna W/mK ta hanya ɗaya, kowa da irin gwajinsa. Kamfanin Noctua ba ya buga wannan lamba a kan mansa, Arctic ma ya daina bugawa a sababbin nau'o'insa. Tsakanin mai biyu masu inganci, bambancin zafi a ranar farko bai cika wuce digiri biyu ko uku ba. Bambancin gaske yana bayyana ne bayan wata shida.

Mai ruwa-ruwa, mai sauƙin shafawa, ya dace da kwamfutar tebur amma shi ne ya fi saurin tserewa a kan tsiraran silikon. Arctic MX-4 ya shahara kuma yana da arha, sai dai masu gwaji sun daɗe suna lura da wannan rauni nasa a laftof. MX-6 da ya biyo baya an yi shi da kauri. Thermalright TFX yana cikin masu kaurin gaske, har sai an ɗan ɗumama shi kafin ya bazu. Kryonaut na Thermal Grizzly yana da kyau a gwajin farko, amma shi kansa kamfanin iyakar digiri 80 ya ambata wajen rashin bushewarsa, GPU ta laftof kuwa a bazara tana kwana a sama da haka.

Akwai wani nau'i da ya samu karɓuwa a 'yan shekarun nan, mai sauya hali da zafi. Mafi shahara shi ne PTM7950 na kamfanin Honeywell. Yana zuwa ne a matsayin siririn falle, kaurinsa wajen rubu'in milimita. A sanyi daskararre ne. Idan zafi ya kai kusan digiri 45 sai ya yi laushi ya malale cikin ramuka, idan an huce kuma ya sake daskarewa a wurin. Wannan hali ne ke hana shi tserewa, kuma wasu kamfanonin laftof suna amfani da irinsa tun daga masana'anta. Ana sa shi a firji na ɗan lokaci kafin a yanka don ledar ta ɓare da sauƙi, kuma sai an kunna an kashe kwamfutar sau da dama kafin ya zauna sosai. Ga laftof mai aiki a ƙasar zafi, shi ko kakkauran mai su ne zaɓin da ya fi ma'ana.

Jabu shi ne babban tarko. Sunayen da suka shahara su ne aka fi kwaikwaya, kuma falle ko sirinjin da aka samu a rubu'in farashinsa abin tuhuma ne. Farin man da ake sayarwa a manyan gwangwani, wanda wasu masu gyara ke lakatowa, an yi shi ne don ƙananan kayan lantarki masu ƙarancin zafi. Mai kwamfuta yana da haƙƙin ya ga sirinjin da za a shafa masa, ko ya zo da nasa. Man goge baki da man shafawa da ake gani a bidiyoyin intanet kuwa, suna bushewa cikin kwanaki, wasu ma su bar tsatsa.

Ruwan ƙarfe: garin neman gira

A saman jerin akwai ruwan ƙarfe, haɗin galiyom da indiyom da kuza, wanda ke zama ruwa a zafin ɗaki. Ana tallata shi da lambobi sama da 70, kuma da gaske yana saukar da zafi fiye da kowane mai. Sony ya yi amfani da shi a PlayStation 5 a 2020, ASUS ma yana sa shi a kan CPU na laftof ɗinsa na ROG. Amma waɗannan kamfanoni da injin awo suke ɗiga shi, kuma suna kewaye shi da katangar soso.

Ruwan ƙarfe yana ɗaukar wutar lantarki. Ɗigo ɗaya da ya gangara kan ƙananan kayan da ke gefen GPU ya isa ya kashe faifan gaba ɗaya, laftof kuwa abu ne da ake jefawa a jaka a hau babur da shi. Galiyom yana kuma cin alminiyom har ya rududduge. Ga wanda kwamfuta ɗaya gare shi kuma da ita yake ci, ribar digiri biyar ba ta kai wannan caca ba.

Yadda ake canjawa

Ana fara kashe kwamfuta, a cire caja, a zare igiyar batir daga faifai, a taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jiki, wadda ke yawaita a busasshiyar iskar hunturu. Notin farantin suna da lambobi a gefensu. Ana kwance su kaɗan-kaɗan daga babbar lamba zuwa ƙarama, a ɗaga farantin a miƙe ba tare da lanƙwasa bututu ba. Bututun da ya karye ko ya huje ya tashi daga aiki.

Ana goge tsohon man da sifirit nau'in isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da ƙyallen da ba ya barin zare, har silikon ya yi ƙyalli kamar madubi. Sannan a shimfiɗa sabon man siriri ya rufe fuskar silikon duka har kusurwoyi. A kan tsiraran silikon, ɗigo ɗaya a tsakiya na iya barin kusurwa a bushe, kuma ɗan ƙari da ya malalo gefe ba ya cutarwa muddin man ba mai ɗaukar wuta ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa ba a kan man yake ba. Kewaye da GPU akwai ƙananan ma'ajiyar bayanai da kayan daidaita wuta, waɗanda ke taɓa farantin ta wasu lallausan faci, masu kaurin rabin milimita, ko ɗaya, ko ɗaya da rabi, ko kuma ta wani abu mai kama da yumɓu. Idan aka sa facin da ya fi na asali kauri, sai ya ɗaga farantin daga kan GPU, zafi ya fi na da. Idan aka cire su aka shafa mai a madadinsu, man ba zai cike gurbin ba. Waɗanda ba su yage ba a bar su a inda suke. Daga ƙarshe a mayar da notin bisa jerin lambobi, kowanne rabin juyi, har su zauna daidai, a tabbatar an mayar da igiyar fanka, sannan a sake gwajin farko a kwatanta lambobi.

Kwamfutar da ke cikin garanti, gara a fara kai ta wurin wakilin kamfani, domin buɗe ta na iya zama hujjar ƙin gyara.

Mai sayen ta hannu

Matasan Najeriya da yawa laftof ta hannu suke saye. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa ana shigo da kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kuma kimanin rubu'insu ba sa aiki. Laftof mai shekara huɗu ko biyar, kusan tabbas manta na asali ya gaji.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne GPU ɗin da dalmarta ta tsage aka gasa ta da bindigar zafi. Tana farfaɗowa na makonni, ta isa a sayar da ita, sannan ta sake mutuwa. Kwamfutar da ta kunnu ta nuna hoto ba ta ci jarrabawa ba tukuna. Mai saye ya nemi a bar shi ya ɗora mata aiki mai nauyi na minti 20 a gaban mai shago, yana kallon zafi, yana kuma lura da layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi a fuskarta. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da wa'adin mayarwa, domin da shi ne zai iya kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC idan ta kama.

Laftof ɗin da ta mutu ba ta ɓacewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin 100 kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida, a Afirka kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Wani ɓangare na sauran yana ƙarewa ne a juji, inda yara ke ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe suna shaƙar hayaƙin.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sun auna su ne da ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, ba su yi lissafin hunturu ko ɗaukewar wuta ba. Gibin ya rage ga mai kwamfuta ya cike: ya auna zafi kafin ya zargi mai, ya share ƙura kafin bazara, ya rage wuta idan rana ta take, idan kuma lambobi sun nuna man ne ya gaji, ya sayi kakkaura ko mai sauya hali daga hannun da ya amince da shi. Duk wannan bai kai kuɗin sabon batir ba, amma yana iya ƙara wa kwamfuta shekaru na aiki.